Kunun Zaƙin da Na Damƙa wa Na'ura

Ko zan manta komai na zamana a Greensboro, nan ƙasar Turawa, ba zan taɓa mantawa da safiyar sunan 'yata ta fari ba. Har yau in abin ya faɗo min a rai sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi, ko da ni kaɗai ne a mota. Amma kafin in kai ku wurin, bari in gaya muku wane ne Alhaji Tanko, don ba don shi ba babu abin da zai kai ni ga wannan karambani.

Alhaji Tanko kawun matata Memuna ne. Su 'yan zangon Kumasi ne ta ƙasar Ghana, ni kuma Bazazzagi. Shi ya ba ni aurenta, shi ne uwa shi ne uba a wurinta a ƙasar nan. Tirela ya tuƙa shekara da shekaru har Allah ya hore masa gida mai ƙaton fili a Pleasant Garden. Ba ya faɗa, ba ya zagi, ba ya shiga sabgar kowa. Aibinsa ɗaya ne: ba ya yabo. Ka gyara masa mota, "to" zai ce. Ka kai masa cinyar rago da sallah, "to". Ranar da na gaya masa an ƙara min girma a wurin aiki (gyaran firji da na'urorin sanyaya ɗaki nake yi) sai ya ɗago ya dube ni, ya ce "to", ya ci gaba da yankan farce. Ni kuwa Allah ya jarabce ni da son a yaba min. Sai na ƙudura a raina cewa sai na ji "ka yi ƙoƙari" daga bakin dattijon nan kafin ɗayanmu ya riga wani.

Wata rana muna cin abinci a gidansa, sai kawai ya ce da ni, "Ku 'yan Zariya abu ɗaya kuka iya, kunun zaƙi." Ashe tun yana saurayi, lokacin da yake yaron mota tsakanin Kumasi da Kano, ya taɓa sha a wata tasha a garinmu, bai kuma manta ba. Ban taɓa jin ya yi maganar wani abu da irin wannan marmari ba. Har lumshe ido ya yi. Na ce a raina, alhamdu lillahi, yau na ga ƙofar shiga.

To, wanda bai taɓa gwada kunun zaƙi a ƙasar nan ba ba zai gane wahalar ba. A gida ai ba wani abu ba ne: a jiƙa gero, a niƙa da citta da kanumfari da busasshen dankali, a dama rabi da tafasasshen ruwa, in ya huce a zuba ɗanyen ƙullun, a rufe a bar shi ya kwana. Yanayin gari ne ke ƙarasa aikin. A nan kuwa yanayin ba shi da alƙibla. Lokacin sanyi sai ka wayi gari ka tarar da shi salam, kamar ruwan wankin gero. Lokacin zafi kafin azahar ya yi tsamin da ko kare ba zai sha ba. Na gwada ya fi a ƙirga, Memuna ta gaji da wanke min tukwane, ta ce in haƙura in riƙa sayo wa Kawu lemo. Na ce ina, ni da nake sa ɗakin ajiyar kifi ya tsaya a kan sanyi ɗaya shekara guda, bokitin kunu ne zai gagare ni?

Daga nan na shiga intanet, na tarar akwai mutanen da suka riga ni warware matsalar. Sai dai su ba kunu suke yi ba, masu dafa giya ne a gida. Na yi a'uziyya, na ci gaba da karatu. (Ilimi ai kayan mumini ne, duk inda ya tsince shi ya ɗauka, haka na gaya wa kaina.) Kuma gaskiya dabararsu ta burge ni. Na samo wani tsohon firji wurin wani Bature mai dawakai a Summerfield, na jawo shi garejin gidan da muke haya kusa da Sedgefield. Na sa masa ɗan bargon lantarki a ciki, irin wanda masu ciwon baya ke ɗumama ƙugu da shi, na ɗaura fankar tsohuwar kwamfuta don iska ta riƙa zagayawa. Sai uwa uba, wani ɗan akwati da bai fi sabulun wanka girma ba, mai wata 'yar waya da ake mannawa a jikin bokiti tana jin zafinsa. In zafi ya haura abin da ka saita, akwatin ya tayar da firji. In sanyi ya yi yawa, ya kashe firji ya kunna bargo. Duk wannan kuma yana aiko min da labari a wayata.

Jama'a, ranar da na fara kunna shi na ga abin mamaki. Na sa hannuna a kan 'yar wayar nan ta ɗumama, sai na ji ƙas, firji ya tashi da kansa. Na cire hannu na ɗora ƙanƙara, ƙas, bargo ya ɗauka. Ni da nake wannan aikin kullum a kamfani, amma ganin shi a garejina, da hannuna, don kunu, sai ya zama wani abu daban. Na jawo kujera na zauna ina kallon tsohon firjin nan kamar ya fara magana. Na ce Allah mai iko, wai ɗan Adam ya ƙera bazara da hunturu ya kulle su a akwati ɗaya.

Saura bokiti mai murfi mai kyau, shi kuma sai a shagon masu wancan aikin. Na ajiye motata can nesa, gaban wani kantin takalma, na jawo hula na rufe goshi, na shiga. Mai shagon wani ƙato ne mai gemu har ƙirji (da a masallaci na gan shi da na ba shi sahun gaba). Na yi masa bayani cewa abin sha na gargajiya nake so in yi, na gero, wanda ake bari ya ɗan yi tsami. Mutumin nan ya yi murna kamar ya ga ɗan'uwansa. Ya ba ni bokiti, ya ba ni wani ɗan bututun roba mai lanƙwasa da ake cusawa a murfi, a zuba masa ruwa kaɗan, iska ta fita amma ba ta shiga. Ya kawo hatsi mai tsiro, na ce wannan na san shi, mahaifiyata ma tana sawa don ya ƙara zaƙi. Sannan ya miƙo min wani ɗan ƙunshi ya ce yis ne, in barbaɗa a kai, kada kuma in kuskura in buɗe murfin sai abin ya gama aikinsa.

A nan ne ya kamata in tsaya. Amma ku yi min adalci: yis fa ya ce. Abin da ake sa wa burodi da fanke, wanda kowane gida na Musulmi akwai shi a kicin. Ni a iya sanina giya wata aba ce da ake ƙarawa, wani mugun ruwa da su masu yi suke zubawa daga wata kwalba. Tunda ni ba zan zuba ba, ina ruwana? Na karɓa na yi godiya, har na ce masa Allah ya shirye shi, da Hausa.

Lokacin cikin Memuna ya tsufa, ko ƙofar gareji ba ta leƙawa. Na dama kununa shiru, na ninka sukari don Alhaji mai son zaƙi ne, na barbaɗa yis, na rufe, na saita ɗumi daidai yadda mutanen intanet suka ce, na tafi aiki. Da na dawo na buɗe firjin, sai na ji wani ɗan sauti. Ɓul. Shiru. Ɓul. Na duba, ruwan cikin bututun nan ne ke motsi, iska na fitowa daga cikin bokiti.

Ba wuta a ƙarƙashinsa, ba mai motsa shi, murfi a rufe gam, amma abu na numfashi a ciki. Na durƙusa a kan siminti na kara kunne. Washegari abin ya ƙara sauri, ɓul-ɓul-ɓul ba ƙaƙƙautawa, har wayata ta nuna min cewa kunun da kansa yake ƙara zafi, firji na ta fama da shi yana sauko da shi. Gero fa, wanda na wanke da hannuna, matacce a buhu, yau shi ne ke fitar da ɗumi kamar jikin mai rai. Na tuna ƙananan halittun da aka koya mana a makaranta, waɗanda ido ba ya gani, na ce ashe da gaske suna nan, suna ci suna sha suna aiki a garejina ba su san ma da ni ba. Na yi ta tasbihi. Har ƙwalla na ji ta taru min, ba ƙari a maganar nan. Daga nan na ɗauki bidiyo na tura zauren jama'armu na waya, na rubuta a ƙasa, "Ikon Allah. Ku saurari ranar suna." Mutane suka yi ta aiko da masha Allah.

Ana cikin haka Memuna ta sauka. Wanda ya taɓa haihuwa a ƙasar da ba dangi ya san yadda makon nan yake: asibiti, gida, neman rago, ɗauko Antinta daga filin jirgi, sanar da mutane. Kunun da a gida kwana ɗaya ake ba shi, ni nawa ya haura mako a rufe. Ban damu ba ko kaɗan. Duk inda nake sai in zaro waya in ga layin da ke nuna zafin kunun a miƙe sambal, in ce na'ura na gadi. A tunanina abin da ke ɓata kunu shi ne zafi ya yi yawa, ni kuwa na ɗaure zafi da igiya.

Ana gobe suna na buɗe. Za ku ce ban ji wari ba? To lokacin bazara ne, lokacin da garin furen bishiyoyi ke rufe motoci su koma rawaya, ni kuma duk shekara hancina toshewa yake kamar an liƙe da siminti. Ko turaren wuta aka sa min ba na ji. Na tace, na ɗanɗana a cokali, na ji zaƙin nan duk ya gudu, sai wani ɗan cizo a harshe. Na ce cittar ce ta nuna. Na ƙara sukari da hannu sake, na ɗura a jarkoki, na ɗaure bakinsu tam. Da safe na tarar jarkokin sun kumbura sun yi tauri. Nan ma sai na ce albarka ce.

A filin gidan Alhaji aka yi taron. An shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin bishiyoyi, an jera kujeru, mutanen Ghana da na Najeriya da na Nijar duk sun zo, manyan riguna sai ƙamshi. Liman ya yi addu'a, aka raɗa wa yarinya suna, aka shafa fatiha. Aka fara fito da waina da ƙosai da wake da shinkafa irin na mutanen zango. Ni kuwa ina tsaye kusa da jarkokina kamar ango. Sai da na bari wuri ya natsu, sannan na yi gyaran murya na ɗan yi jawabi. Eh, jawabi na yi. Na yi bayanin firji da bargo da ɗan akwati, na ɗaga waya na nuna musu layin nan, na ce wannan kunu tun da aka dama shi har ya nuna hannun mutum bai taɓa shi ba. Na ce na yi shi ne musamman don surukina Alhaji Tanko.

Na murɗa murfin jarkar farko. Ta yi wani tsaki mai tsawo, kumfa ta taso ta biyo hannuna har gwiwa. Wani daga baya ya yi kabbara. Na cika kofi na farko na kai wa Liman da hannu biyu, na biyu na kai wa Alhaji, samari suka raba wa sauran. Na aika da jarka ɗaya cikin gida wurin mata. Na koma gefe na harɗe hannu ina jira.

Liman ya yi bismilla ya kurɓa. Bai haɗiye ba, bai kuma tofar ba. Ya tsaya da shi a baki yana kallon sararin sama. Alhaji ya kai kofin hancinsa, ya sauke a hankali, ya ajiye tsakanin ƙafafunsa. Sai wuri ya yi tsit. Mutane sun fi cikin masallaci, kowa da kofi a hannu, kowa ya zuba wa kofinsa ido, babu mai duban na kusa da shi. Ni a wautata na ɗauka daɗi ne ya kashe musu baki. Har na ce, "Ku sha mana, akwai ƙari."

Sai daga baya na gane abin da ke faruwa a wannan shirun, kuma har gobe ina jinjina shi. Kusan duk wanda ke wurin ya gane abin da ke cikin kofinsa. Amma wa zai fara faɗa? Duk wanda ya buɗe baki ya ce wannan giya ce, tambayar da za ta biyo baya a zuciyar kowa ita ce, a ina ka san ta? A gaban Liman, a gaban surukai, a gaban mutanen da kake neman auren 'yarsu. Alhazai da dattawa da masu tabon sallah a goshi, kowa ya gwammace ya riƙe kofin nan har la'asar da a ce shi ne gwanin ganewa. Wani mutumin Nijar ya yi ƙarfin hali ya ce a hankali wai kunun yana da gas, ya ja bakinsa ya yi shiru.

Malam Yakubu ne ya cece mu, wani dattijo mai tuƙa tasi. Ya miƙe tsaye, ya gyara hula, ya ce, "Jama'a, ni dai Allah ne shaidata ban taɓa kai ta bakina ba. Amma kujerar bayan motata haka take wari duk safiyar Lahadi."

Kamar an buɗe famfo. Nan take kowa ya samo hujjarsa. Wannan ya ce shi ma ya so ya faɗa, don a asibiti yake aiki, yana jin irin warin a bakin marasa lafiya. Wancan ya ce ya taɓa wanke-wanke a gidan abinci farkon zuwansa. Wani ya ce hanyar makarantarsu ta bi ta Sabon Gari. Wani Alhaji da ban taɓa jin muryarsa ba ya ce shi maƙwabcinsa ne ke sha, ta katanga yake jiyowa. Liman ya juya baya ya zubar da na bakinsa a gindin bishiya, ya nemi ruwa ya kurkure, ya sake kurkurewa. Sannan ya tambaye ni cikin natsuwa me na zuba, kwana nawa kuma ya yi. Da na ambaci yis da shagon da na saya, sai na ji salati ya tashi daga kowace kusurwa.

Ni kuwa a lokacin da ƙasa za ta tsage da na shige na ja ta na rufe. Ga kumfar nan tana bushewa a hannun rigata. Na tuna bidiyon da ke cikin wayar kowa, da muryata a ciki ina subhanallahi a kan bokitin giya. Sai kuma na tuna jarkar da na aika cikin gida, ga mai jego tana shayarwa. Na kwasa da gudu, babbar riga na harɗe ni. A bakin ƙofar kicin na tarar da jarkar a waje, an ɗora mata dutse a kai. Antin Memuna ta leƙo ta ce tun da aka murɗa murfin suka fitar da ita, ba wadda ta sha, in je in ji da maza. Daga cikin ɗaki ina jiyo dariyar mata, har da ta matata, wadda ɗinkin haihuwa bai hana ta ba.

Da na dawo Liman ya riga ya kwantar da jama'a. Ya ce Allah ba ya kama bawa da abin da ya yi cikin rashin sani, wanda ya kurɓa ya kurkure baki, a zubar da sauran, a ci waina. Mutanen nan kuwa suka rufa min asiri irin rufin da ban taɓa gani ba. Kowa ya sunkuya ya tuttule kofinsa a ciyawa, aka koma hirar tsadar rago kamar ba abin da ya faru. Ba wanda ya dube ni. Wannan rashin kallon ya fi min zagi ciwo.

Ina tattara jarkoki sai na ga inuwa a kaina. Alhaji Tanko ne. Ya ɗauki biyu, na ɗauki biyu, ya wuce gaba na bi shi har ƙarshen filin, inda ba mai jin mu. Na ce a raina yau zan ji abin da ya fi "to", amma ba ta inda na so ba. Muka buɗe muna zubarwa, kumfa na bin ciyawa. Na fara ba shi haƙuri. Ya ɗaga min hannu. Ya tsaya yana kallon abin da ke malala, ya ɗan ja iska ta hanci.

Ya ce, "A bayan gidanmu a Kumasi akwai mata masu dafa fito, giyar dawa. Ni ban taɓa sha ba."

Na ce, "Na sani, Baba."

Ya ce, "Mace sai ta yi shekaru tana koyo kafin nata ya tashi haka. Wata har ta mutu bai yi wannan kumfar ba. Kai daga gwajin farko." Ya girgiza kai, ya dube ni sama da ƙasa kamar yau ya fara ganina. "Gaskiya ka yi ƙoƙari."

Ya ɗauki jarkokinsa ya juya, kafaɗunsa na rawa don dariya. Ni kuwa na tsaya a wurin da murfi a hannu, ban san ko in ce na gode ko in ce astagfirullah ba. Shekaru ina farautar kalmar nan, na yi gyaran mota, na yi hidimar sallah, ban samu ba, sai a kan abin da ba zan iya ba wa kowa labari a Zariya ba.

Abin da na koya dai shi ne, na'ura tana riƙe amanar abin da ka ba ta ne, ba ta tambayar halal ko haram. In ka damƙa mata wauta, za ta yi maka renonta a kan ɗumi mai kyau har ta girma. In kuma za ka roƙi Allah ya sa surukinka ya yabe ka, to ka daure ka faɗi a kan me.